Sanƙarau a Jikin Jariri: Kada Ka Makara Shiga Asibiti, Kada Ka Yi Gaggawar Fita

  Ɗana, na san a 'yan kwanakin nan hankalinka yana kan ragon suna da goro da itacen wankan jego, kuma ban ga laifinka ba, mu ma haka muka yi a zamaninmu. Amma ka ɗan ajiye lissafin ka ba ni aron kunnenka. Akwai cutar da nake so ka sani tun ba ta sallama a gidanka ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sunanta dai ka sha ji: sanƙarau. Abin da ya rage ka sani shi ne irin shigar da take yi idan jariri ta zo kamawa, da irin jinyar da take nema kafin ta sake shi.

Sanƙarau ɗin da muka saba da shi na lokacin zafi ne. Yakan taso daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, ya bi ɗakunan da aka cunkushe, ya kama yara da samari. Ƙasarmu tana tsakiyar zirin da ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha, inda wannan annoba ta fi yin ɓarna a duniya. Waɗanda suka yi wayo a 1996 ba su manta ba: a Nijeriya kaɗai mutum fiye da dubu 100 suka kamu, fiye da dubu 11 suka rasu, mafi yawansu a Arewa. Daga nan ne kowa ya haddace alamominsa: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, da wuya ya sanƙare. Sunan ma daga sanƙarewar wuyan aka samo shi.

To, sunan nan shi ne tarkon farko. Jaririn da bai cika kwana 28 ba, wuyansa bai cika sanƙarewa ba ko da cutar ta yi nisa a jikinsa. Ba ya da bakin cewa kansa na ciwo. Nasa sanƙarau ɗin kuma ba ruwansa da bazara ko damina, kowane wata yana zuwa. Allurar rigakafin sanƙarau da aka soma yi a Nijar a 2010 da Nijeriya a 2011, da sabuwar nan mai maganin nau'i biyar da Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024, duk ba a yi wa ɗan kwana goma. Alluran da ke kare yara daga wasu ƙwayoyin sanƙarau ɗin kuwa sai a mako na 6 da na 10 da na 14 ake yinsu. Ka ga ke nan a makonnin farko ɗanka ba shi da garkuwa sai nonon uwarsa da idon da kuka sa masa.

Bari in kwatanta maka yadda abin yake. Allah Ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya da tantani hawa uku, Ya sa wani ruwa garai-garai yana kewaya su. Idan ƙwayoyin cuta na bakteriya suka shiga jinin jariri suka hayayyafa, sukan tsallaka su faɗa cikin wannan ruwa. Can kuwa sojojin jiki ba su da yawa, sai ƙwayoyin su samu fili. Tantanin ya kumbura, ruwan ya gurɓace ya soma zama mugunya, ƙwaƙwalwar da ko gama ginuwa ba ta yi ba ta shiga matsi. Wannan ɓarna da awa ake lissafinta.

Ta ina ƙwayar ke zuwa? Idan ciwon ya bayyana cikin kwana ukun farko, galibi daga jikin uwa jaririn ya ɗauko ta wajen haihuwa. Akwai wadda likitoci ke kira GBS, wato Sitireptokokus rukunin B. Kusan mace ɗaya cikin biyar masu juna biyu tana ɗauke da ita a hanji ko a gaba, ba tare da ta ji komai ba, kuma wannan ba ƙazanta ba ce, ba laifinta ba ne. Akwai Ikolai, 'yar hanji. Akwai Listeriya, wadda uwa kan samu ta gurɓataccen abinci irin su madarar da ba a dafa ba. Idan kuwa bayan kwana uku ciwon ya taso, sau da yawa daga hannayen mutane ne, ko cibiyar da ta ruɓe, ko askar da ba a tsabtace ba, ko kayan aikin asibiti. A asibitocin ƙasashenmu wata mai suna Kilebsiyela tana gaba-gaba, kuma tana da taurin kai ƙwarai wajen jin magani. Bakwaini da ɗan da aka haifa ba nauyi sun fi kowa shiga haɗari.

Yanzu ga abin da za ka riƙe da kyau. Jaririn da jiya yake kama nono da ƙarfi, yau ya ƙi, ko ya kama ya saki. Jaririn da ya yi laushi, sai an taɓa shi yake motsi, ko barcinsa ya wuce ƙa'ida har tashinsa ya zama aiki. Jikin da ya yi zafi, ma'auni ya kai 38, ko kuma ya yi sanyi ƙalau ya sauka ƙasa da 35.5, don a jariri sanyin jiki ma alamar cuta ce, wani lokaci ma ya fi zafin muni. Kuka mai tsini wanda rarrashi ba ya kashe shi, musamman in ɗaukarsa aka yi ya ƙara tsanyarewa. Numfashi da sauri, sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirji yana lotsawa, ko numfashin ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Madiga ta kumbura ta yi tauri alhali yaron ba kuka yake ba. Sai jijjiga, wadda a jariri ba lallai ta girgiza jiki duka ba: wani ido ne zai kafe, wani baki ne zai riƙa mamula ba nono, wani ƙafafu ne za su riƙa juyawa kamar mai tuƙa keke. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, ya isa dalilin tafiya asibiti. Kada ka jira madiga ta kumbura, sau da yawa ita ce ke zuwa a ƙarshe.

A nan ne ƙofar farko take, wato makara, wadda muke asarar 'ya'ya a bakinta. Na san maganganun da za su tashi a tsakar gida, don na ji su da kunnena sau ba adadi. Wata za ta ce iska ce ta shafe shi, a yi hayaƙi. Wata ta ce bakin 'yan barka ne. Wata ta ce beli ne ya hana shi shan nono, a kira wanzami. Wata ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in. Kai kanka zuciyarka za ta ce maka a bari gari ya waye, ko a bari a yi suna tukuna. Duk masu faɗin nan ƙaunar yaron suke yi, kada ka raina su, kada ka ɗaga musu murya. Amma kai ne uba, kai za a tambaya. Ka yi addu'arka, ka tofa masa, mahaifiyarka ta sa albarka, sannan ku kama hanya a daren nan. Addininmu bai taɓa raba tawakkali da neman magani ba.

Akwai kuma wata makarar da ta fi wannan yaudara, don tana kama da ɗaukar mataki. Ita ce zuwa kemis. Za a haɗo maka farasitamol da Ampiclox na ɗigawa a baki, wanda ya zama kamar al'ada a ba kowane sabon jariri. Bari in gaya maka abin da ya sa wannan ba zai yi ba. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge da Allah Ya gina, mai tace abin da zai wuce. Magunguna da yawa ba sa tsallake shi sai kaɗan. Kafin isasshen magani ya kai inda cutar take, sai an zuba shi kai tsaye cikin jijiya, da yawan da ya fi na sauran cututtuka, a kan lokaci ba fashi. Abin da aka ɗiga a bakin jaririn da ko nono ba ya iya haɗiya, wanda zai kai ƙwaƙwalwarsa bai taka kara ya karya ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya lafar da zazzaɓin ku saki jiki, sannan ya rage ƙwayoyin daidai yadda in an kai asibiti aka yi gwaji ba za su fito ba. Ka ga an ɓata lokaci, an kuma ɓata sawu. In ma an riga an ba shi wani abu, ka tafi da kwalbar ka nuna wa likita, kada kunya ta sa ka ɓoye.

A hanya, uwar ta sa shi a ƙirjinta fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula. In yana iya tsotsa ta ba shi nono, don sukarin jikin jariri mara lafiya saurin faɗuwa yake. In jijjiga yake yi, kada a ɗura masa komai. Idan ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye ne kusa da ku, ku tsaya a yi masa allurar farko su ba ku takardar wucewa babban asibiti. Ƙila ka ji cewa yanzu ana yi wa jarirai jinya daga gida da allurar jentamaisin da amoksisilin na sha. Gaskiya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haka a 2015, bayan wani bincike da aka yi a Kwango da Kenya da Nijeriya, har da Zariya a ciki. Amma an yi wannan sassauci ne saboda jariran da ciwonsu bai tsananta ba kuma babu halin kai su babban asibiti. Mai jijjiga, ko wanda ya daina shan nono gaba ɗaya, ko wanda ake zargin sanƙarau, gado ne nasa.

Da kun isa, likita zai nemi izininka ya ɗebi ruwan bayan yaron. Nan iyaye da yawa suke ja da baya. Na sha jin ana cewa wai ruwan rai ake zuƙewa, ko wai shi ke gurgunta yara. Ɗana, saurara. Ana sa siririyar allura ne a can ƙasan gadon baya, ƙasa da inda laka ta ƙare, a ɗebi 'yan ɗigo kaɗan, jiki kuma ya mayar da su cikin 'yan awanni. Tun 1891 wani likita Bajamushe mai suna Heinrich Quincke ya fito da wannan dabara, yau fiye da shekara 130 ana yinta. Yaran da aka ga sun nakasa bayan an ɗebi ruwan, cutar da ta sa aka ɗeba ce ta nakasa su. Gwajin jini kaɗai ba ya wadatarwa, don kusan ɗaya cikin uku na jariran da ke da sanƙarau ba a ganin ƙwayar a jininsu. Ruwan bayan ne zai nuna ko sanƙarau ne, ya nuna wace ƙwaya ce, da maganin da take ji, da yawan kwanakin da za a yi ana jinya. Wanda ya hana ɗiban ruwan ya sa likita harbi cikin duhu. In yaron ya galabaita ƙwarai, za su fara magani nan take su ɗage ɗiban zuwa lokacin da ya ɗan farfaɗo, don ba a jinkirta allura saboda jiran gwaji.

Magungunan da za a fara da su, yana da kyau ka san sunayensu. Sakamakon gwaji yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, cutar kuwa ba ta jira, shi ya sa ake haɗa magani biyu don a tare duk hanyoyin da ake zato. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ba da shawara a kai shi ne amfisilin da jentamaisin. Amfisilin ɗan gidan penisilin ne, yana kashe GBS da Listeriya. Jentamaisin yana kama 'yan hanji, yana kuma ƙara wa amfisilin kaifi, sai dai bai iya tsallake shingen ƙwaƙwalwa sosai ba. Saboda haka idan zargin sanƙarau ya yi ƙarfi, likitoci da yawa sukan kawo sefotaksim, wanda yake ratsa shingen da kyau. Ko an kawo shi ba a cika janye amfisilin ba sai an ga sakamako, domin Listeriya ba ta jin sefotaksim da danginsa ko kaɗan. Ana auna kowane magani da nauyin yaron da kwanakinsa a duniya, don ƙodar ɗan kwana biyu ba ta aiki kamar ta ɗan mako uku. Wani sau biyu a rana ake yi, wani sau uku ko huɗu, jentamaisin kuwa yawanci sau ɗaya.

Kada ka ɗauka jariri babban mutum ne da aka rage wa tsawo, har a ce a raba masa maganin manya. Ga seftirayakson, allurar da kowane mai kemis ya sani, wadda take aiki sosai a sanƙarau ɗin yara da manya. A jaririn da ke da shawara tana iya tunkuɗe sinadarin shawarar daga inda jini ya riƙe shi, ya haura ƙwaƙwalwa ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. In kuma ta haɗu da ƙarin ruwa mai sinadarin kalsiyam sai ta daskare a huhu da ƙoda. Shi ya sa likita kaɗai ke yanke hukuncin ba da ita ga ɗan kwanaki. Ga kuloramfenikol, wanda aka yi ta ceton rayuka da shi lokutan annoba. A 1959 likitoci a Amurka suka gano cewa hantar jariri ba ta iya sarrafa shi, yakan taru har jikin yaro ya koma ruwan toka ya mutu. Jentamaisin ɗin ma in ya yi yawa yana taɓa ƙoda da ji. Har ma an taɓa gwada zuba shi kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa don a kauce wa shingen nan, sakamakon da aka buga a 1980 ya nuna waɗanda aka yi wa haka sun fi mutuwa, aka daina. Duk ƙa'idar da ka ga ana bi a ɗakin jarirai, da ran wasu 'ya'yan aka koye ta. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kada ka bari mai allurar unguwa ya gwada nasa a kan ɗanka.

Na san akwai wani tabo a zukatan mutanenmu. A annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Kano, a binciken da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Wanda wannan ya sa shi ɗari-ɗari da asibiti, ba zan ce ba shi da hujja ba. Amma darasin da za a ɗauka shi ne a riƙa tambaya. Magungunan da na lissafa maka tsofaffi ne: amfisilin tun 1961 yake hannun likitoci, jentamaisin an gano shi a 1963, da su ake jinyar jarirai a Makka da Landan da Alƙahira. Haƙƙinka ne ka tambayi sunan abin da ake sa wa ɗanka, da dalili, da kwana nawa za a yi. Ka tambaya cikin ladabi, ka rubuta a takarda.

Wataƙila a kwana na uku a ce maka an canza magani, a rubuto wani mai tsada kamar meropenem ko amikasin. Kada ka ce likitocin sun rikice ne, ko kuɗinka suke so. Ƙwayoyin cutar ne suka yi wayo. Tsakanin 2015 da 2017 an yi wani babban bincike mai suna BARNARDS a ƙasashe bakwai na Afirka da Asiya, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Cardiff ta Birtaniya, kuma Asibitin Murtala na Kano da wasu asibitocin Abuja suna ciki. An duba ƙwayoyin da ke shiga jinin jarirai, wato mafarin sanƙarau ɗin nan. Cikin dangin Kilebsiyela da Ikolai da aka gwada, kusan kashi 97 cikin 100 ba sa jin amfisilin, kusan kashi 70 ba sa jin jentamaisin. Ka ga amfanin gwajin da na ce kada ka hana. Wannan taurin kai kuwa da hannunmu muka koya musu: kafso don mura, kafso don ciwon ciki, a sha biyu a ajiye sauran, a zuba wa kaji a ruwa. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, tun a 1945 ya yi kashedin cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai horar da ƙwayoyin cuta su daina jinsa. Mun ƙi ji, ga shi muna gani a jikin jarirai. Idan an rubuto maka magani ka saya a waje, ka je kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Jabun allura a wannan ciwo daidai take da ba a yi ba.

Yanzu mun zo ƙofa ta biyu, wadda ta fi ba ni takaici, don a bakinta ake asarar yaron da an riga an ceto. Jinyar sanƙarau a jariri doguwa ce. In GBS ce, aƙalla kwana 14. In Ikolai ce ko Kilebsiyela ko danginsu, aƙalla kwana 21. Listeriya ma takan kai mako uku. Inda ba a samu damar gane ƙwayar ba, mako uku ake cikawa. Duk ta jijiya, daga farko har ƙarshe. In ƙurji ya fito a ƙwaƙwalwa ko mugunya ta taru a cikinta, sai a ƙara makonni.

Ga yadda jarrabawar take zuwa. Wajen kwana na biyar ko na shida zazzaɓi ya sauka, jijjiga ta tsaya, yaro ya kama nono har yana ƙoshi. Kai kuma aljihu ya yi sanyi, kasuwa ko gona ko ofis na jiranka. Mai jego ta gaji da kwana a kan tabarma ko kujera, ba ruwan zafi, ba kunun kanwa. An soki hannun yaron da ƙafarsa wajen neman jijiya har tausayi ya hana ka kallo, ƙila ma an aske gefen kansa an sa kanula a nan. 'Yan dubiya suna cewa ai ya warke, me kuke jira? Sai a miƙo maka takardar nan ta wanda ya tafi bisa raɗin kansa, ka ga sa hannu ya fi komai sauƙi.

Ɗana, kada ka sa hannun nan. Lafawar alamu ba ita ce mutuwar ƙwayar ba. A cikin ƙwaƙwalwa akwai kogunan da ruwan nan ke taruwa, ƙwayoyin sukan laɓe a can inda magani ke isa da ƙyar. Waɗanda suka saura a kwana na shida su ne mafi juriya. Ka tafi gida a lokacin, an kashe maciji ba a sare kansa ba. In ya dawo, maganin farko ba lallai ya sake ci ba, kuɗin da ka gudu ka biya ninkinsa, yaron kuma ya dawo da raunin da bai da shi da farko. In kuɗi ne suka yanke, ka faɗa wa likita da babbar nas gaskiya tun da wuri, ka nemi ofishin taimakon marasa ƙarfi in asibitin na da shi, ka kai kukanka ga dangi da masallacin unguwa. Roƙo don ran ɗa ba abin kunya ba ne. In suna ne ya matso, a raɗa shi a ƙofar gida a yanka rago kamar yadda aka saba, ai dama ba a fito da jariri wurin raɗin suna. Taron mata ya jira a sallamo su. In ma ya zama dole a zaɓa tsakanin babban rago da cikon allurai, ka sayi ƙarami.

Zaman jinyar ma aiki ne. Ka san lokutan allurar ɗanka kamar yadda ka san lokutan salla. In lokaci ya wuce ba a zo ba, a tuna wa nas cikin mutunci. In kanula ta fita ko wurin ya kumbura, a faɗa nan da nan, kada a bari allura biyu su wuce ana jiran safiya. Maganin gobe ya kasance a hannu tun yau. In aka ce za a sake ɗiban ruwan baya bayan kwana ɗaya ko biyu, don a tabbatar maganin yana ci ne, ka yarda. Za ka ga suna auna kewayen kansa da tef a kai a kai, suna duba ko ruwa ya soma taruwa. Ke kuma 'yata mai jego, in ba ya iya tsotsa ki riƙa tatsa ana ba shi ta robar hanci. Nononki yana cikin maganin, kuma tatsar ce za ta hana shi ƙafewa.

Ba zan ɓoye maka nauyin abin ba. A ƙasashe masu ƙarfi, inda a shekarun 1970 kusan rabin jariran da suka kamu ke mutuwa, yanzu abin ya sauko zuwa wajen ɗaya cikin goma. A ƙasashe irin namu alƙaluman asibitoci suna nuna huɗu zuwa shida cikin goma. Cutar ɗaya ce. Tazarar da ke tsakani ta isowa da wuri ce, da gwaji, da maganin da ya dace, da cika kwanaki, kuma biyu daga cikin huɗun nan a hannunka suke. Cikin waɗanda suka rayu ma akwai masu fita da tabo: kurumta, farfaɗiya, shanyewar gaɓoɓi, taruwar ruwa a kai, ko nauyin fahimta. Saboda haka ranar sallama ba ita ce ƙarshe ba. Ka nemi a gwada jinsa tun da wuri, don yaron da aka gano kurumtarsa yana jariri ana iya taimaka masa ya koyi magana. Ka riƙa komawa duk ranar da aka ba ku. In ka ga kai yana girma fiye da ƙima, ko idanu suna kallon ƙasa, ko watanni sun wuce bai riƙe wuya ba, kada ka jira ranar. In kuma Allah Ya jarrabce ku da mai nakasa, ɗa ne, amana ce, kada a ɗora wa uwarsa laifi.

Kafin in rufe, ga abin da zai rage maka zuwa wannan hali, a wannan haihuwar da masu zuwa. Matarka ta riƙa zuwa awo, ta haihu a hannun ƙwararru. In faya ta fashe aka kai awa 18 ba a haihu ba, ko zazzaɓi ya kama ta tana naƙuda, ko ruwan ya yi wari, ko naƙuda ta zo kafin mako 37, a gaya wa ma'aikatan lafiya, don penisilin ko amfisilin da ake sa wa uwa ta jijiya lokacin naƙuda yana tare GBS kafin ta kai ga ɗan. A yanke cibiya da sabuwar reza, a shafa mata man kulohekzidin, wanda Jihar Sakkwato ta fara rabawa gida-gida a 2013. Ban da toka, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma mai datti. A ba shi dakashi tun awar farko, kada a zubar, shi ne rigakafinsa na fari. Nono zalla, ba ruwa, ba jiƙo. A bar masa belinsa. Duk mai ɗaukarsa ya wanke hannu da sabulu, mai mura ko ƙurajen baki ya yi barka daga nesa, ko da gwaggonka ce. Ka faɗa mata da fara'a, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abu na ƙarshe, ka yi shi yau kafin ka kwanta. Ka bincika wane asibiti ne mafi kusa da ku mai ɗakin jarirai da ke aiki dare da rana. Ka ajiye lambar mai mota ko mai adaidaita da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Ka sayi ma'aunin zafin jiki, kuɗinsa bai kai na goron suna ba. Ka ware wani abu daga kuɗin hidima ka ba maiɗakinka ta ɓoye. Sannan ka zaunar da ita da mahaifiyarka, ka faɗa musu a gaban juna cewa duk ranar da yaron nan ya ƙi nono ko jikinsa ya sauya, ko kana gari ko ba ka nan, ka ba da izini a tafi da shi, ba sai an neme ka ba. Kalmar nan guda tana iya zama abin da zai sa ka ga ranar yayensa.

Allah Ya raya mana shi bisa imani, Ya sa ka kai shi makaranta da hannunka.